Dokar tantance ingancin cibiyoyin binciken fyaɗe a Ingila da Wales

A Ingila da Wales, duk wanda aka yi wa fyaɗe ko wani cin zarafi na lalata, mace ko namiji ko yaro, yana iya zuwa cibiya ta musamman da ake kira SARC. A can likita ko ma'aikaciyar jinya za ta duba lafiyarsa, ta kuma ɗebi shaidar da za a iya kaiwa kotu. An buɗe ta farko a asibitin St Mary's da ke Manchester a 1986.

A 2021 majalisar dokokin Birtaniya ta bai wa Mai Sa Ido kan Binciken Laifuka ta Hanyar Kimiyya ƙarfin doka. Kundin ƙa'idojinsa ya fara aiki ranar 2 ga Oktoba, 2023, aka ba cibiyoyin wa'adi zuwa Oktoba 2025 su sami takardar shaidar inganci bisa ma'aunin ISO 15189, wanda asalinsa na ɗakunan gwaje-gwajen asibiti ne. UKAS, hukumar tantance inganci ta Birtaniya, ita ce ke tantancewa, kuma ba a bayar da takardar a manta: ana komowa duba aiki kowace shekara, a sake cikakken bincike duk shekara huɗu.

Babban abin da ake tsoro shi ne gurɓatar shaida. Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya yi kaifin da ɗigon yawun mai magana ko taɓawar safar hannu ɗaya na iya bayyana a sakamako. A 2011 an tsare wani saurayi kusan wata biyar kan fyaɗen da aka yi a Manchester, daga baya aka gano cewa wani faranti na roba da aka sake amfani da shi a ɗakin gwaji ne ya haɗa samfurinsa da na shari'ar. An zalunce shi, ita kuma wadda aka cuta an ɓata mata lokaci.

Shi ya sa masu tantancewa suke bin ƙananan abubuwa. Bayan kowane bincike sai an wanke ɗakin da maganin da aka gwada aka tabbatar yana kawar da DNA, a rufe shi da hatimi mai lamba, a rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Lokaci-lokaci ana goga tsinken auduga a gadon bincike da tebura da kayan aiki, a kai gwaji don a ga ko wankin ya ci. Mai bincike yana sa takunkumi da hular gashi da rigar kariya da safar hannu biyu-biyu, yana sauya ta sama tsakanin wannan sashe na jiki da wancan. Ana ajiye bayanan DNA na ma'aikata, har masu shara, domin a iya ware nasu idan ya fito. Likitan da ya duba wanda ake zargi bai kamata ya duba mai ƙara ba. Kowane samfuri kuma yana da rajistar hannun da ya bi, daga gadon bincike zuwa firiza zuwa ɗakin gwaji.

Dole ma'aikaci ya san wa'adin ɗaukar kowane samfuri bayan faruwar abin: na baki awa 48, na dubura awa 72, na farji har kwana bakwai, fitsari don gano maganin sa maye har kwana biyar. Maganin kariya daga HIV kuwa sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28.

To idan cibiya ba ta sami takardar ba fa? Shaidarta ba ta faɗi kai tsaye ba. Sai dai dole mai binciken ya rubuta a bayaninsa na kotu cewa bai cika ƙa'idar ba, ya faɗi matakan da ya ɗauka don rage haɗari, alƙali kuma yana iya la'akari da hakan. Nan ne lauyan wanda ake tuhuma yake samun ƙofa. Mai Sa Ido yana da ikon yin bincike, ya ba da umarnin gyara, har ya hana aiki idan ya ga shari'a na cikin haɗari. A ganinmu tsananin ya dace, domin wanda ya daure ya bari aka binciki jikinsa a rana mafi muni a rayuwarsa bai cancanci a watsar da shaidarsa saboda sakacin goge tebur ba.

Takardar ta tsaya ne a kan shaida. Kula da lafiya a cibiyoyin Ingila CQC, hukumar sa ido kan asibitoci da wuraren kula da lafiya, ce ke duba shi. Ba a ɗaukar samfuri sai da yardar mutum, yana iya cewa a tsaya a kowane mataki, babba kuma yana iya zuwa da kansa ba tare da ya sanar da 'yan sanda ba, a adana masa samfurin har ya yanke shawara.