Me ake nufi da "tiyatar Tommy John"?

Mai bin labaran wasan besbol na Amurka ko Japan ba zai daɗe ba sai ya ji an ce wane "za a yi masa Tommy John". Sunan ba na likita ba ne, na majinyacin ne. Tommy John tsohon ɗan wasan Los Angeles Dodgers ne, bahago, aikinsa jifan ƙwallo. A 1974 jijiyar da ke riƙe ƙasusuwan gwiwar hannunsa ta gefen ciki ta tsinke, a zamanin da duk wanda hakan ta same shi sai dai ya yi sallama da wasa. Dakta Frank Jobe ya ciro wata jijiya daga hannun John na dama, ya huda ƙasusuwan gwiwar hagun, ya zura ta ya ɗaure. John ya yi jinya duk 1975, ya dawo a 1976, bai bar fili ba sai 1989 yana ɗan shekara 46.

Me ke tsinka jijiyar tun farko? Amsar tana cikin yadda ake jifan.

Ɗan kallo gani yake hannu ke aikin. Masu horarwa kuwa, in sun sa bidiyo suna rage masa gudu, daga ƙafa suke fara duba. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai tsakaninsa da mai bugu. Ya ɗaga ƙafar gaba, ya tura jiki da ta baya, ya yi dogon taku. Da ƙafar gaba ta dira, ƙugu ya fara juyawa alhali kafaɗu suna baya tukuna, sai jiki ya murɗe kamar ana matse wanki. Sannan ƙirji ya biyo, kafaɗa ta biyo, hannu ne na ƙarshe. Tsayar da hoton a daidai nan: damtse a buɗe, sangalin hannu ya kwanta baya sosai, har ka rantse ya karye. A wannan ƙiftawar ido ce nauyi ke sauka a kan 'yar jijiyar nan.

In ƙirji ya buɗe da wuri, ko hannu ya makara bai tashi ba lokacin da ƙafa ta dira, ƙarfin da ya kamata ƙafafu da ƙugu su bayar sai gwiwar hannu ta biya bashinsa. Amma a ganina ana ɗora wa salon jifa laifi fiye da kima. Mutumin da ke cilla ƙwallo da gudun kilomita 160 a awa, sau kusan ɗari a wasa guda, ko salonsa ya kai kyau jijiyar tana shan wuya.

Murmurewa bayan tiyatar kan ci shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi. Shohei Ohtani na Japan an yi masa ita a 2018, aka sake yi wa gwiwar nan aiki a 2023.