Kisa daga sama ba tare da shari'a ba: me doka ta ce?

A wata fada a Tawa, ana jiran shayi na biyu, gardama ta kaure kan jirage marasa matuƙi da ke bin wanda ake zargi da ta'addanci har wata ƙasa su kashe shi. Ga tambayoyin da suka fi zafi.

Doka ta yarda da wannan?

Sai an duba inda abin ya faru. A fagen fama, dokar yaƙi ta bari a harbi mayaƙi ba sai an kai shi gaban alƙali ba, muddin an bambanta shi da farar hula. Inda babu yaƙi kuwa, kama mutum ake yi. Ba a kashe shi sai in zai hallaka wani nan take kuma ba wata dabara. Ga kuma haƙƙin ƙasar da aka shiga: kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana kai hari ƙasar wani ba da izininta ba, in ba kare kai ba, wanda sashe na 51 ya tanada, ko da amincewar Kwamitin Sulhu.

To Amurka da me take kafa hujja?

Da dokar da majalisarta ta yi a 2001, bayan harin 11 ga Satumba, wadda ta ba shugaban ƙasar izinin amfani da soja kan waɗanda ke da hannu a harin. Cewa take tana yaƙi da Alƙa'ida duk inda take, duniya kaf ta zama fage ke nan. A 2011 ta kashe Anwar al-Awlaki, mai wa'azin da take zargi da zama jigo a Alƙa'ida, a Yaman, ɗan ƙasarta ne, kuma kotun Amurka ba ta taɓa yanke masa hukunci ba. Bayan mako biyu wani harin ya kashe ɗansa mai shekara 16.

Mu ina ruwanmu?

Ai daga gidanmu Nijar jiragen suka riƙa tashi. Bayan kwanton ɓaunar da aka yi wa sojojin Nijar da na Amurka a ƙauyen Tongo Tongo a 2017 gwamnati ta yarda Amurka ta ɗora wa jiragenta makamai. Na Faransa a Yamai suka kasance har zuwa 2023, kuma Faransar ce ta kashe Abu Walid al-Sahrawi, shugaban ƙungiyar IS a yankin Sahel, a Mali a 2021.

Wanda ya kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya a Maris 2021, shi ma sai an jira kotu?

Wani dattijo ne ya jefo wannan, ya ajiye kofinsa, fada ta yi tsit. Gaskiya, baba, wanda ke kan babur da bindiga yana dosar gari ba mai cewa a jira sammaci. Doka ma ba ta ce haka ba. Damuwata ita ce wa ya tabbatar shi ne. Mai da'awa shi ke kawo hujja, haka muka koya tun a makarantar allo. Nan kuwa mai zargi shi ne alƙali, shi ne hauni, hujjar tana kulle a ofishin leƙen asiri, gawa kuma ba ta musu.

Dubi Bunti a Mali, 3 ga Janairun 2021. Faransa ta ce 'yan ta'adda ta jefa wa bam. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne, mutum 19 daga cikin mamatan farar hula ne. Faransa ta ƙi amincewa da rahoton.

An taɓa hukunta wanda ya yi kuskure?

Da wuya. A Kabul, 29 ga Agustan 2021, jirgin Amurka ya kashe mutum 10, bakwai yara ne. Ma'aikatar tsaronta ta amsa kuskure ne, daga baya ta ce ba sojan da za a hukunta.