Daga ina ƙa'idojin jinya suke fitowa? Amsa ga masu maimaita tambaya

Wai manyan likitoci ne ke zama su rubuta abin da suka ga dama?

Da can kusan haka ne. A 2007 aka fito da binciken da ya nuna Hukumar Lafiya ta Duniya kanta ta fi dogaro da ra'ayin ƙwararru, a shekarar kuma ta kafa kwamitin da ke tantance kowace ƙa'ida kafin a fitar. Tsarin da take bi shi ne GRADE, wanda wasu masana suka fara haɗawa a 2000.

Me tsarin yake yi?

Yana auna yadda za a amince da hujja, mataki huɗu: sosai, matsakaici, kaɗan, kaɗan ƙwarai. Sannan a fitar da shawara, ko mai ƙarfi ko mai sharaɗi. Shi ke nan.

Ashe duk gwajin da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a hujjarsa ta gama magana?

A'a. Daga saman mataki yake farawa, amma ana sauko da shi idan aikin ya yi rauni, ko sakamakon gwaje-gwaje ya saɓa wa juna, ko mutanen da aka gwada ba irin naka ba ne, ko sun yi kaɗan, ko ana zargin an ɓoye binciken da bai yi daɗi ba. Don Allah ku daina ɗauko takarda ɗaya kuna kaɗa ta a ɗakin majinyata kamar an gama shari'a.

Likita, idan shawara mai sharaɗi ce, ni da ke ƙaramin asibiti in bi ko in bari?

Yauwa, ga tambaya. Amsar kuwa ita ce ya danganta, kuma na san ba abin da kake son ji ba ke nan.

Ɗauki azithromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. An yi gwajin raba shi ga yara ƙanana sau biyu a shekara a Nijar da Malawi da Tanzaniya, sakamakon ya fito a 2018. A jimlace mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 13.5 cikin 100. A Nijar ragin ya kai kashi 18, a Tanzaniya ko kashi 4 bai kai ba. To me za ka ce wa duniya? Ga rayuka da aka ceta, ga kuma fargabar ƙwayoyin cuta su saba da maganin har ya daina aiki. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a raba wa kowa da kowa, amma ta ce ana iya duba yiwuwar bai wa 'yan wata 1 zuwa 11 a ƙasashen Afirka kudu da Sahara inda mutuwar jarirai ta haura 60 cikin 1,000, ko ta 'yan ƙasa da shekara biyar ta haura 80, kuma a riƙa bibiyar yadda ƙwayoyin ke bijirewa.

Ka ga sharaɗin ba ado ba ne, shi ne rabin shawarar. Irin wannan ma'aikatar lafiya ake wa magana, ba kai ba, don haka kar in ji ka fara rubuta wa kowane jariri. Idan kuwa shawarar ta shafi majinyaci guda ne a gabanka, galibi ma'anarta ka zauna da shi, ka faɗa masa amfani da illa da kuɗin da zai kashe, ku yanke tare. Wani zai karɓa, wani ya ƙi, kuma mai yiwuwa dukansu sun yi daidai. Abin da zan ce dai, duba ƙa'idar ƙasarku tukuna, domin wataƙila sun riga sun auna da halin da kuke ciki. Kwantar da hankalinka, ba laifi ba ne ka yi jinkiri a nan.

Ita kuma mai ƙarfin fa?

Bi. Allurar artesunate ta fi kinin ceton yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Gwajin 2010 a kan yara fiye da 5,000 a Afirka, har da Ilorin, ya nuna mutuwa ta ragu da kashi 22.5 cikin 100. Wanda yake da artesunate a kabad ya ɗauko kinin don "haka muka saba", ba ni da abin ce masa.

Kamfanonin magani ba sa sa hannu?

Suna ƙoƙari. Shi ya sa kowane ɗan kwamitin rubuta ƙa'ida sai ya bayyana alaƙarsa da su, kuma ana iya cire shi daga zaman. Jerin sunayen da abin da kowa ya bayyana yana cikin takardar ƙa'idar, a shafukan da kuke tsallakewa.