Waiwaye: Dogon jiran ma'aikatan jiragen dako kafin a tuna da su

Duk ranar 3 ga Satumba, a garuruwan bakin teku na Birtaniya irin su Liverpool da Hull da Cardiff, akan ɗaga wata jar tuta a saman ofisoshin hukuma. Tutar jiragen kasuwanci ce, wadda jiragen dakon kaya da na fasinja ke ratayawa a bayansu, daban da farar tutar sojan ruwa. Wanda ya ga dattawa tsaye a gabanta, lambobin yabo jere a ƙirji, zai zaci tsohuwar al'ada ce da aka gada tun ranar da aka ajiye makamai. Amma sai a shekarar 2000 aka ware wa waɗannan mutane ranarsu, shekara 55 ke nan bayan ƙarshen yaƙin Hitila, lokacin da ƙasa ta riga ta rufe idon mafi yawansu.

An zaɓi ranar ne saboda abin da ya faru a 1939. Da safiyar 3 ga Satumba Birtaniya ta ayyana yaƙi a kan Jamus, kafin dare ya raba wani jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin teku ya harbi jirgin fasinja mai suna Athenia a yammacin Ireland. Fiye da mutum 100 suka mutu, fasinjoji da ma'aikata. Ba a kai ga jera sojoji a fagen daga ba, jinin farar hula masu aikin jirgi ya riga ya zuba, kuma haka aka ci gaba har makon ƙarshe na yaƙin a watan Mayun 1945.

Tushen maganar ya girmi wannan yaƙi. Birtaniya tsibiri ce da ba ta noma abin da zai ciyar da ita, a wancan zamani kusan kashi biyu cikin uku na abincinta ta teku yake shigowa. Jamusawa sun gane haka tun yaƙin duniya na farko, suka ce a yanke mata hanyar abinci a ga yadda za ta yi. A watan Maris na 1915 suka nutsar da Falaba, jirgin kamfanin Elder Dempster da ya taso daga Liverpool zai zo Afirka ta Yamma, mutum 104 suka halaka. A 1917 ɓarnar ta kai inda aka fara lissafin makonnin da hatsin ƙasar zai kai. Abin da ya cece su dabara ce da duk Bahaushen da ya san tarihin fatauci zai gane: a daina barin jirgi ya tafi shi kaɗai, a haɗa ayari, a sa masu makami su raka shi, kamar yadda madugu ke tara fatake kafin a shiga dajin da ke da 'yan fashi.

Bayan yaƙin an yi abin da ya yi kama da godiya. Sarki George na Biyar ya ba jiragen kasuwancin sunan girma da ya jera su da rundunar ruwan masarauta, a 1928 kuma ya naɗa ɗansa, Yarima mai jiran gado, uban jiragen kasuwanci da na kamun kifi. A watan Disamban shekarar Sarauniya Mary ta buɗe dandalin tunawa na Tower Hill a Landan, mai ɗauke da sunaye kusan 12,000 na waɗanda ba su da kabari sai teku. Suna ya samu, dutse ya samu. Matsayin ma'aikacin a gaban doka dai bai motsa ba: ɗan kwantiragi ne na kamfani, ana ɗaukarsa tafiya ɗaya, a sallame shi idan an dawo.

A nan ne ciwon yake, kuma ya kamata a tsaya a dube shi da kyau. A farkon yaƙi na biyu, ka'idar aikin ita ce albashin ma'aikaci yana tsayawa ranar da jirginsa ya nutse. Jirgi ya tafi, kwantiragi ya ƙare. Mutum zai yi kwana goma ko ashirin a kwale-kwalen ceto, yana lasar ɗan ruwan da ake auna masa, yana kallon abokan aikinsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, alhali a littafin kamfani kwanakin nan ba na aiki ba ne. Matarsa a gida wani lokaci ta wurin yankewar kuɗin da ake tura mata take fara sanin cewa wani abu ya faru. Sai a watan Mayun 1941 gwamnati ta yi dokar da ta gyara wannan, ta tabbatar da biya tsakanin tafiya da tafiya, amma dokar ta kuma hana ma'aikaci barin aikin har yaƙi ya ƙare. An ɗaure shi kamar soja, ba a ba shi kakin soja ba. Abin da yake da shi wata 'yar alama ce ta azurfa mai haruffa biyu da yake maƙalawa a ƙirjin riga, don kada mutanen gari su gan shi cikin kayan gida su ce ga ƙato ya gudu daga yaƙi. Fiye da 30,000 daga cikinsu ba su dawo ba. Idan aka auna da yawansu, masana tarihi da dama na ganin asarar tasu ta fi ta kowace rundunar sojan ƙasar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su wane ne waɗannan mutane? Hotunan bukukuwa sukan nuna Turawa, amma cikin jirgin ba haka yake ba. Dubban ma'aikatan daga Indiya ta wancan zamani suke, da yawansu Musulmi daga Sylhet da Chittagong a ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash. Akwai 'yan Yaman da Somaliyawa da suka zauna a Cardiff da South Shields, akwai Sinawa a Liverpool, akwai mutanen Karebiyan, akwai Kru na Laberiya da Saliyo, sannan 'yan Najeriya. Galibinsu a ɗakin inji ake sa su, can ƙasan jirgi, suna cusa kwal a wuta cikin zafin da ke narkar da mutum. Nan ne makamin jirgin ƙarƙashin teku ya fi sauka, nan ne kuma ya fi nisa da kwale-kwalen ceto. Albashinsu ya gaza na Bature mai irin aikinsu, na 'yan Indiya ma ɗan ɓangare ne kawai. Tun kafin yaƙin an nuna musu matsayinsu: a 1919 gungun mutane suka far wa baƙaƙen ma'aikatan jirgi a Liverpool da Cardiff, aka kashe Charles Wotten, ɗan Bermuda, a tashar jirgin Liverpool, a 1925 kuma aka yi dokar da ta tilasta wa ma'aikatan da ba farare ba yin rajista da 'yan sanda kamar baƙi, har da waɗanda talakawan masarautar ne.

Wannan tarihi ya ratsa ta ƙofar gidanmu. Gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano jirgin ƙasa ke kai ta Apapa, jiragen nan su ɗauke ta zuwa Ingila a matse mai. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Birtaniya ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, ta juyo kan Jos, har aka riƙa tilasta wa talakawan Arewa aikin haƙa. Kuzar ma ta teku ta bi. Freetown ta zama zangon da ayarin jirage ke haɗuwa kafin su nufi arewa. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 da suka je yaƙin Bama a 1943 da 1944, waɗanda har yau barikoki irin su Dodan da Myohaung da Kalapanzin ke ɗauke da sunayen wuraren da suka fafata, jiragen kasuwanci ne suka kai su Indiya, su ne kuma suka dawo da waɗanda ke da sauran kwana. Elder Dempster ta yi asarar jiragenta masu suna Accra da Apapa a 1940, a watan Oktoban 1942 kuma aka nutsar da jirginta Abosso a tsakiyar Atlantika, mutum fiye da 360 suka tafi, 31 kacal suka tsira. A shekarun yaƙin ne kamfanin ya koma ɗaukar ma'aikata da yawa daga Legas. Muna ba da labarin 'yan mazan jiyan Bama da alfahari, kuma sun cancanta, amma ban taɓa jin an ambaci wanda ya zuba kwal ɗin da ya kai su ba.

Abin da ya biyo bayan nasara ya fi komai ɗaci. Tsakanin ƙarshen 1945 da 1946, ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta sa aka tattara Sinawa ma'aikatan jirgi a Liverpool aka mayar da su gabas da ƙarfin tsiya. Wasunsu sun auri matan garin sun haifi 'ya'ya, iyalan suka rayu shekara da shekaru suna zaton mazan guduwa suka yi. Sai a 2006 aka kafa musu allon tunawa a bakin ruwan Liverpool. A 1955 Sarauniya Elizabeth ta buɗe sabon ɓangaren Tower Hill da ƙarin sunaye kusan 24,000, amma 'yan Indiya fiye da 6,000 da suka mutu a ƙarƙashin wannan jar tuta, nasu sunayen a Bombay da Chittagong aka ajiye. Mai ziyara a Landan zai karanta bango ya tafi bai san da su ba.

Ko Turawan ma sun sha jira. An ba ma'aikatan jiragen kasuwanci wasu lambobin yaƙi tare da sojoji, wannan gaskiya ne, amma waɗanda suka bi hanyar ƙanƙara zuwa Murmansk da Arkhangelsk don kai wa Tarayyar Sobiyet makamai da abinci an hana su tasu lambar. Ayari 78 ne suka bi wannan hanya daga 1941 zuwa 1945, ruwan da ke fantsama saman jirgi yana daskarewa nan take, wanda ya faɗa teku mintuna kaɗan ke gare shi. A ayarin PQ17 na watan Yulin 1942, an umarci jiragen rakiya su janye, na dako su watse, aka nutsar da 24 cikin 35. Da yaƙin cacar baka ya kankama, Rasha ta koma abokiyar gaba, tuna taimakon da aka kai mata ya zama abin da gwamnati ba ta so. Kwamanda Eddie Grenfell, tsohon sojan ruwa, ya yi shekara 16 yana bin kadin lamarin, sojan ruwa da na dako suka haɗa baki ɗaya domin ruwa ɗaya suka sha. A Disamban 2012 Firaminista David Cameron ya amince, a Maris na 2013 aka maƙala wa Grenfell lambar, bayan wata uku ya rasu yana da shekara 93.

Sauran ƙasashen ƙawancen da ya yaƙi Jamus ma haka suka yi. Amurka ta cire ma'aikatan jiragen dako daga dokar 1944 da ta ba tsofaffin sojoji karatu da rancen gida, ba ta amince da su a matsayin 'yan mazan jiya ba sai 1988, shi ma bayan an je kotu. A Kanada sai da tsofaffi suka yi yajin cin abinci a gaban majalisa a Ottawa a 1998 kafin a biya su diyya a 2000. Norway, wadda jiragenta kusan 1,000 suka yi wa ƙawancen dako bayan Jamus ta mamaye ta, sai a 2013 ministar tsaronta ta nemi gafararsu a bainar jama'a.

A Najeriya, alfaharin ƙasa da aikin teku sun taɓa tafiya tare. An kafa rundunar sojan ruwa a 1956. A 1959 ma'aikata 'yan Najeriya na wani jirgin Elder Dempster da ya gaji sunan Apapa suka ajiye aiki a Liverpool saboda wariyar launin fata, kuma a shekarar ce aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, aka raɗa wa jiragensa na farko sunaye irin su Dan Fodio da Oduduwa da King Jaja. Ga mutumin da ya yi shekaru yana cewa ranka ya daɗe ga Baturen da ke zaginsa a ɗakin inji, shiga Liverpool a jirgi mai tutar kore da fari ba ƙaramin abu ba ne. Rashin iya riƙo da bashi suka cinye kamfanin, aka rushe shi a 1995, tsofaffin ma'aikatansa suka shiga shekarun bin haƙƙinsu daga wannan ofis zuwa wancan.

Ranar tunawa da 'yan mazan jiya tamu an ɗauke ta daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ana ajiye furanni, ana sakin tantabaru, sojan ƙasa da na ruwa da na sama suna sara wa waɗanda suka kwanta dama. Ma'aikatan jiragen kasuwanci kuwa tasu ranar ita ce 25 ga Yuni, wadda hukumar kula da sufurin teku ta duniya ta ware a taron Manila na 2010, kuma a wurinmu taron ya fi karkata ga horo da guraben aiki na masu raye. Sunayen mutanen Afirka ta Yamma da suka nutse tsakanin Freetown da Liverpool suna nan a rajistar ma'aikatan jirage da ke ajiye a ɗakunan adana tarihi na Birtaniya, kowanne da aikinsa a gefe: mai zuba kwal, mai shafa wa inji mai, yaron kicin.