Sarrafa: daga zauren malam zuwa bolar Ojota

Duk wanda ya bi ta Ojota a Legas ya san bolar Olusosun, ko bai gan ta ba hancinsa ya gaya masa. A can matasanmu 'yan jari bola suke tsince gwangwanayen lemo da gorunan ruwa, su cika buhuna, a ɗora a sikeli. Ka tambaye su ina kayan za su, za su ce maka kamfani za a kai a sarrafa. Gwangwanin nan idan ya sha wuta sai ya dawo tukunya ko ludayi.

Sarrafa kalmar aro ce daga Larabci, daga "sarrafa", mai tushen baƙaƙe uku: sad, ra, fa. Ma'anar tushen ita ce juya abu, a karkatar da shi daga wani hali zuwa wani. A aya ta 164 ta Suratul Baƙara an ambaci "tasrifir riyahi", wato jujjuyawar iskoki. Wanda ya yi karatun zaure kuma ya san ilimin sarfu, inda ake ɗaukar "kataba" a fitar da "katib" da "maktub" da "kitab". Baƙaƙen asali suna nan, siffa ce kawai take sauyawa. Har ɗan canji ma Larabawa "sarraf" suke ce masa, don haka 'yan'uwanmu 'yan canji da ke tare masu mota a titin Allen na Ikeja suna da gado a kalmar, ko ba su sani ba.

Bahaushe ya ƙara mata nauyin iko. Direba yana sarrafa mota, mawaƙi yana sarrafa harshe, uwargida tana sarrafa wake ya zama ƙosai ko alala ko ɗanwake. Sai abu ya bi hannunka yadda kake so ake cewa ka sarrafa shi.

Inda nake ganin ana ɓata ta shi ne a haɗa ta da gyara. Mai gyara yana mayar da abu yadda yake a da. Mai kwaskwarima fuska kawai yake shafewa. Ɗan kasuwar Mile 12 da ya tsince ruɓaɓɓen tumatir daga kwando gyara ya yi. Ba a ce ya sarrafa tumatir ba sai an markaɗa shi, an dafa, an zuba a gwangwani, ko an yanka an shanya ya zama kauɗa.