Wai mene ne "tagetin" ɗin nan da 'yan kallon ƙwallon jami'o'in Amurka ke ta faɗa a kai?

Duk ranar Asabar daga Satumba zuwa Disamba, masu bin ƙwallon jami'o'in Amurka, irin ƙwallon nan ta 'yan hular kwano da ake runguma a ruga da ita, kalma ɗaya ce a bakinsu: tagetin, targeting kenan a rubuce. Wani ya bangaje wani, alƙali ya wurga ƙyallensa rawaya, shi kenan kowa ya zama lauya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake fassara ta da mugun nufi, har da wasu masu sharhi a talabijin. "Ai bai yi da gangan ba", "ai yaron kirki ne". To wa ya tambayi kirkinsa? Laifin sunan ne dai, don target a Turanci abin da ka saita za ka harba ne, sai mutane suka ɗauka dole a tabbatar ɗan wasa ya so ya ji wa wani ciwo. Alƙali kuwa ba zuciya yake dubawa ba, jiki yake kallo, ka sunkuyar da kai ka doki mutum da tsakar hular kwanonka ko a ina a jikinsa, ko ka kai wa kai ko wuyan wanda ba ya halin kare kansa hari da ƙarfi, misali wanda ya miƙe yana cafe ƙwallo, kuma wannan ko da kafaɗa ko gwiwar hannu ne. Don haka hula ta gwaru da hula ba lalle tagetin ba ne, kuma ana iya yin tagetin hula ba ta taɓa kowa ba.

Tun 2008 dokar take a littafin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, amma 2013 aka ƙara mata kora daga fili a kan yadi 15 na hukunci, a tsarin na 2013 in a zagaye na biyu ne ma har rabin wasan gaba ka yi zaman benci.

A tambayi 'yan Ohio State. Ranar 28 ga Disamba 2019, wasan kusa da na ƙarshe a Fiesta Bowl, suna gaban Clemson 16 da 0, Shaun Wade na Ohio State ya kutso ya kayar da Trevor Lawrence, mai jefa ƙwallon Clemson, wanda ke nufin Clemson ta kusa miƙa ƙwallo. A fili babu alƙalin da ya ga laifi, sai masu duba bidiyo suka tsayar da wasa, aka ga Lawrence ya duƙa daidai lokacin da Wade ya iso da kansa a sunkuye, tsakar hula ta samu hula, aka kori Wade, Clemson ta ci gaba da riƙe ƙwallo, kafin hutun rabin lokaci an koma 16 da 14, aka tashi 29 da 23 Clemson ta wuce. Har yau 'yan Ohio cewa suke Lawrence ne ya kawo kansa. Gaskiya ne, amma dokar ba ruwanta, kan Wade a sunkuye yake, kuma wannan sunkuyon wuyan mai bugun kansa yake fara karyawa, shi ya sa aka hana.

Ni dai hukuncin daidai ne a takarda, korar ce ban yarda da ita ba, a ce wanda tsautsayi ya faɗa wa da wanda ya tashi sama kamar rago ya tunkuyi mutum hukuncinsu ɗaya? Ƙungiyar masu horarwa ta nemi a raba laifin gida biyu a 2019, ba a karɓa ba.

Sai kuma ga 1 ga Janairu 2025, Texas da Arizona State, Michael Taaffe na Texas ya gwara kan Melquan Stovall na Arizona State yana cafe ƙwallo dab da tashi, aka duba bidiyo aka ce babu komai, Texas ta ci 39 da 31. Wannan ni ma na kalla ya fi sau goma ban gane ba.