Takardar fili daban, izinin gini daban: duba launin ƙasa kafin ka biya

A watan Maris kowane fili a Kaduna tudu ne a bakin dillali. Ƙasa ta bushe ƙayau, ciyawa ta ƙone, wa zai ce maka a watan Agusta kwaɗi ne masu wurin?

Ga abin da doka ta ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna. Takardar da KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, ke bayarwa shaida ce ta haƙƙinka a kan fili, ba ta ce ka aza harsashi ba. Izinin gini a hannun KASUPDA yake, wato hukumar tsara birane ta jihar, kuma tana da hurumin hana shi a hanyar ruwa ko inda ambaliya ke kwanciya, ta kuma rushe abin da aka gina ba izini. Mazauna Kigo Road sun san halin Kogin Kaduna idan ya cika.

To, yaya za ka gane fadama da rani? Ka haƙa rami, zurfinsa ya kai ƙugu, ka ɓare dunƙulen ƙasa a tafin hannunka.

Jar ƙasa irin tamu sinadarin ƙarfe ne ya rina ta, tsatsa ce kawai, kuma sai da iska take zama ja. Idan ruwa ya kwanta a cikinta makonni, ƙananan halittun ƙasa sukan shanye iskar, ƙarfen ya narke ya bi ruwa, ƙasar ta koma ruwan toka. Da rani iska ta sake shiga, sai ragowar ƙarfen ya fito ɗigo-ɗigo, ja da ruwan ɗorawa, musamman a bin sawun saiwa. Daidai inda tokar nan mai ɗigo ta fara, nan ruwa ke hawowa da damina, kuma launin ba ya gogewa don an shekara ba ruwa sosai. A Amurka ma yana cikin hujjojin da hukuma ke kafawa kafin ta ayyana wuri a matsayin dausayi.

Ramin nan ba zai maye gwajin injiniya ba. Amma idan tokar ta bayyana tun ba ka kai gwiwa ba, riƙe kuɗinka, ka ce wa dillali, "Alhaji, mu haɗu a nan a watan Satumba."